Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ilimi na Ƙasa Kan Karatun Yaran Kilomita Biyar

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi na Ƙasa,
Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Bangui.

Ranka ya daɗe,

Karatun boko a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya hawa-hawa ne, kuma dokar ilimi ta 10 ga Disamba 1997 ce ginshiƙinsa. Yaro yana yin shekara shida a firamare, daga ajin CI zuwa CM2, sannan ya zana jarrabawar CEF1 tare da gasar shiga kwaleji. Kwaleji shekara huɗu ce, a ƙarshenta akwai jarrabawar BC. Daga nan sai lise, shekara uku, inda ake zana bakaloriya, wadda kowa ke kira bak. Da ita ake neman gurbi a Jami'ar Bangui, wadda ke ƙarƙashin wata ma'aikatar dabam, ta ilimi mai zurfi. Kundin tsarin mulki na 2004 da na 2016 duk sun ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da 'ya'yansu har shekara 16, sun kuma ce karatu kyauta ne a makarantun gwamnati. Sai dai makomar yaro a zahiri tana rataye ne da ƙananan umarnin da ma'aikata ke fitarwa kowace shekara: takardun da za a haɗa kafin rajistar jarrabawa, inda za a ajiye cibiyar jarrabawa, makarantar da za a tura malami, harshen da za a koyar da yara, da shaidar karatun da za a amince da ita. Wasiƙar nan ta shafi yadda waɗannan umarni suke sauka a kan unguwa guda.

Kilomita Biyar, wadda takardun hukuma ke rubutawa PK5, tana gunduma ta uku ta birnin Bangui. A nan babban masallacin birnin yake, a nan kuma kasuwar da ta fi kowace juya kuɗi take. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa fatake suka zauna a wurin: Hausawa, Fulani, Barebari, Larabawan Cadi, mutanen Senegal da Mali, tare da ƙabilun ƙasa, Musulmi da Kirista. Sunayen ƙananan unguwanninta, irin su Sénégalais da Camerounais da Mamadou-Mbaïki da Gbaya-Dombia, sun isa shaida kan wannan cakuɗa. Mafi yawan yaran da ke cikinta a Bangui aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, wasu har kakanninsu. Unguwa ce da ba ta raina karatu ba. Da asuba yaro yana gaban malam da allonsa, ya biya, ya wanke, a ƙara masa. Kafin ƙarfe bakwai ya sauya riga, ya ɗauki ƙaramin allon boko da alli ya nufi aji. Da yamma ya koma wajen malam, ko ya tsaya wa mahaifinsa a rumfa. Yaro ɗan shekara goma a nan yakan iya lissafin canji da ka, da Sango da Hausa da Fulatanci ko Larabcin Cadi. Ƙarancin 'yan unguwar a manyan azuzuwa da jami'a ba ya rasa nasaba da abin da ya faru daga 2013.

A ranar 24 ga Maris 2013 ƙawancen Seleka ya ƙwace Bangui, ya kifar da gwamnatin François Bozizé. A ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan anti-balaka suka afka wa birnin. Cikin watannin da suka biyo baya dubban Musulmi suka tsere zuwa Kamaru da Cadi, waɗanda suka rage kuwa suka taru a Kilomita Biyar, wadda ta koma kamar kurkuku: ƙetare gadar Jackson ko bin hanyar cikin gari yana iya zama sanadin ajali. Malaman gwamnati da ke zaune a wasu unguwanni suka daina shigowa, ɗaliban kwaleji da lise da makarantunsu ke wajen unguwa suka daina fita. Ko bayan ziyarar Fafaroma Francis babban masallaci a ranar 30 ga Nuwamba 2015 ƙura ba ta lafa ba, domin mako biyu bayan haka, ranar ƙuri'ar raba gardama ta 13 ga Disamba, an yi ta harbi a makarantar Gbaya-Dombia inda mutane ke layin zaɓe. A Fabrairun 2016 sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Kilomita Biyar da unguwar Boeing kafin Musulmi su sake samun hanyar kai gawa maƙabarta. Tashin hankalin Afrilu da Mayun 2018, da faɗan 'yan kasuwa da 'yan bindigar unguwa a Disambar 2019, kowanne ya sake katse karatu. Yau hanyoyi a buɗe suke, mutane sun dawo, kasuwa ta farfaɗo. Ɓarnar da aka yi wa karatu ce ba ta gyaru da kanta ba, kuma wani sashe nata yanzu ne ma yake fitowa fili.

Babban misali shi ne takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a 2013 ko 2014, idan ya shiga CI yana ɗan shekara shida, yana gama CM2 a 2025 ko 2026. Ke nan 'ya'yan tsakiyar rikici su ne a bakin jarrabawar farko a waɗannan shekaru. An haifi wasunsu a harabar masallaci, wasu a hanyar gudu, wasu a sansanonin gabashin Kamaru wajen Garwa-Bulai da Bartuwa, wasu a Gore da Sido a kudancin Cadi. A lokacin ba mai zancen zuwa ofishin magajin gari. Waɗanda aka haifa kafin rikici ma da yawa takardunsu sun ƙone tare da gidajensu, kuma a garuruwa da dama na larduna an lalata littattafan rajistar da za a koma a duba. Makaranta takan karɓi yaro a CI ko babu takarda, ya yi ta tafiya har shekara biyar ba wanda ya tambaya. Ranar da darakta ya fara haɗa fayilolin CEF1 ake gane inda gizo ke saƙa.

Doka ta tanadi mafita. Idan wa'adin rajistar haihuwa ya wuce, uba zai je kotu da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da ke maye gurbin takardar, a kai hukuncin ofishin magajin gari a shigar da shi littafi, sannan a fitar da takarda. A rubuce hanya ce miƙaƙƙiya. A aikace tana nufin ɗan tireda ya rufe rumfarsa kwana da kwanaki, ya biya kuɗin tambari da na babur, ya lallaɓo shaidu biyu waɗanda su ma suna da tasu hidimar, a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Matar da aka kashe mijinta a 2014 tana riƙe da yara huɗu ba ta da wannan sukuni. Akwai kuma ƙarin wahalar da rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sha ambata: mai sunan Musulmi akan nemi ya kawo ƙarin shaidar asalin iyayensa, har da kakanni, kafin a ba shi takardar da maƙwabcinsa ke samu ba tare da wannan tambaya ba. Sakamakon a makaranta shi ne yaro mai ƙoƙari ya maimaita CM2 yana jiran takarda, ko ya gaji ya koma kasuwa, yarinya kuma a fara yi mata zancen aure.

Gaskiya ne rajistar haihuwa ba aikin ma'aikatar ilimi ba ne. Na ma'aikatar shari'a ne da ta mulkin yankuna. Amma sharaɗin shiga jarrabawa a hannun Mai Girma Minista yake. Umarni guda ya isa ya ba darakta ikon yi wa yaro rajistar wucin gadi da littafin makaranta da shaidar mai unguwa, a riƙe takardar sakamako har fayil ya cika. Kotun tafi-da-gidanka, wadda aka sha shiryawa a ƙasar nan da tallafin UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira, ana iya mayar da ita al'ada ta shekara-shekara, ta zauna a harabar makaranta don 'yan ajin CM1, shekara guda kafin jarrabawa. Kwaddibuwa ta yi irin wannan aiki na musamman ga 'yan firamare daga 2017, bayan nata rikicin. Dokar kare haƙƙin yara da aka sa wa hannu a ranar 15 ga Yuni 2020 ta riga ta ba da madogara. Cikin duk abubuwan da wasiƙar nan ta ƙunsa, wannan ne mafi araha, kuma shi ne mafi gaggawa, domin kowace shekarar jarrabawa da ta wuce tana tafiya da nata rukunin yaran.

Akwai rukuni na biyu, yayyen waɗancan: waɗanda rikici ya samu suna firamare, suka yi asarar shekara biyu ko uku. Azuzuwan wucin gadi da aka kakkafa a sansanoni sun ceci wasu, shirye-shiryen karatun gaggawa na ƙungiyoyin agaji sun ceci wasu, amma shiri irin wannan yana ƙarewa ranar da kuɗin mai tallafi ya ƙare. Saurayi ɗan shekara 19 ba zai zauna benci ɗaya da ɗan shekara 12 ba. Abin da ya dace da shi ajin yamma ne mai manhaja taƙaitacciya, wanda ke kai wa ga jarrabawar ƙasa ko ga makarantar koyon sana'a, a ƙarƙashin sufeton ilimi na Bangui. Waɗanda suka yi karatu a gudun hijira kuma sun dawo da takardun Kamaru, inda ake zana wata jarrabawa shekara guda kafin bak, ko na Cadi, inda wasu suka yi karatunsu da Larabci. Jadawali ɗaya bayyananne, da ke nuna ajin da kowace takarda ta yi daidai da shi, zai hana a bar kowane darakta da ra'ayinsa.

Maganar malamai ta fi wannan tsufa. Tun shekarun 1990, lokacin da bashin albashi da yajin aiki suka sa aka soke shekarun karatu sukutum, gwamnati ba ta ɗaukar malamai gwargwadon yawan yara. Iyaye ne suka cike giɓin: ƙungiyar iyayen yara ta nemo wani mai BC ko bak a unguwa, a riƙa haɗa masa ɗan abin da ya samu a wata. Lokacin da ake tsara shirin ilimi na ƙasa na 2020 zuwa 2029, irin waɗannan malaman sun haura rabin masu koyarwa a firamare. Makarantar horon malamai ta Bambari da cibiyoyin horo na yankuna suna yaye mutane, amma wanda aka yaye yakan yi shekaru yana jiran a shigar da shi aikin gwamnati. A Bangui, aji ya haura yara ɗari ba abin mamaki ba ne, kuma makarantu da yawa rabi biyu suke yi, 'yan safe da 'yan rana, a ɗaki guda. Malami ɗaya da guntun alli a gaban yara ɗari, na gaba a zaune a ƙasa dab da bango, na baya ba sa ganin rubutu, littafin karatu ɗaya a hannun mutum biyar: a irin wannan aji yaro yana iya kai wa CE2 bai haɗa baƙi ba. Karatun da kundi ya kira kyauta kuwa iyaye ne ke biyansa ta hanyar kuɗin ƙungiya, kuɗin benci da kuɗin malami.

A Kilomita Biyar wannan matsala tana da fuska ta musamman. Shekarun ƙawanya sun nuna cewa makarantar da duk malamanta daga nesa suke zuwa tana rufewa da ƙarar harsashin farko. Sun kuma bar tsoro a zukatan wasu malamai, har ya zama tura mutum gunduma ta uku wasu na ɗaukarsa horo. Maganin ba shi ne a ware wa unguwar malamai Musulmi zalla ba. Hakan zai ƙara kaurin katangar da ake son rushewa, kuma yaran Kirista da ke Fondo da Yakité da Kokoro su ma 'yan makarantun nan ne. Abin da ake bukata shi ne gauraye: a buɗe wa matasan gundumar masu bak hanyar shiga horon malanta, a tantance malaman da iyaye ke biya waɗanda suka riƙe azuzuwa a lokacin da kowa ya gudu, a horar da su, a shigar da su tsarin albashi. Sannan wasu daga cikin 'yan unguwar a tura su koyarwa a sauran gundumomi. Yaron unguwar Boy-Rabe da malaminsa na lissafi sunansa Malam Usmanu zai taso da wata fahimta dabam game da waye ɗan ƙasa.

Harshen koyarwa shi ne abu na gaba. Sango da Faransanci su ne harsunan hukuma tun 1991, amma aji da jarrabawa na Faransanci ne. Shirin ilimi na 2020 zuwa 2029 ya karkata ga fara koyar da karatu da Sango a azuzuwan farko, kuma wannan shawara ce mai kyau, har ga yaran da Hausa ko Fulatanci suke ji a gida, domin Sango ce harshen kasuwa da na wasa a titi. Yaron Kilomita Biyar yana shiga CI da Sango a bakinsa. Faransanci ne baƙo gare shi, harshe na uku ko na huɗu. Abin da zai sa shirin ya yi nasara ko ya faɗi shi ne littattafai da horon malamai, domin an taɓa gwada koyarwa da Sango a baya aka watsar.

Larabci ne ya rage ba shi da tabbataccen matsayi. A ƙarshen 2021 aka sanar cewa harshen Rasha zai zama tilas a jami'a, abin da ya nuna cewa idan hukuma ta so, shigar da harshe cikin manhaja ba ya ɗaukar shekaru. Larabci kuwa harshen hukuma ne a Cadi da Sudan, maƙwabta biyu da ƙasar nan ke ciniki da su kullum, kuma harshen gida ne ga jama'a a arewa maso gabas, wajen Birao. Makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci a unguwar galibi na masu zaman kansu ne, ingancinsu ya bambanta, wasu na da kyau, wasu suna ne kawai. Makarantun allo kuma hukuma ba ta lissafa su a komai. Iyaye da yawa, musamman game da 'ya'ya mata, sun fi natsuwa da makarantar da ba ta raba yaro da karatun addini ba. Idan ba su same ta da hatimin gwamnati ba, sai su zaɓi wadda ba ta da shi, yaro ya gama ba takardar da za ta amfane shi.

Ƙasashen da suka riga suka bi wannan hanya ba su yi nisa ba. Nijar, wadda ita ma tsarin Faransa ta gada kuma gwamnatinta ba ta addini ba ce, ta buɗe madarasar farko ta Faransanci da Larabci a garin Say tun 1957. Yau irin waɗannan makarantu suna cikin tsarin gwamnati, da sufetocinsu da jarrabawarsu har zuwa bak, kuma a Say ɗin ne aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986. A arewacin Najeriya, makarantar horon alƙalai da aka kafa a Kano a 1934 ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci da aka assasa zamanin Sardauna, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tana ba da shaidar da ake shiga jami'a da ita. Ba a ce waɗannan tsare-tsare ba su da aibu. Masu takardun Larabci a Nijar sun daɗe suna kukan ƙarancin aiki, matsalar almajirai a Najeriya kuma tana nan. Darasin da ke ciki shi ne gwamnati tana iya sa wa makarantar Larabci sharaɗi, wato manhajar ƙasa cikakkiya, lissafi da kimiyya da Faransanci, malamai masu takarda, da ziyarar sufeto, ta saka mata da amincewa. Gwamnatin da ta daɗe tana aiki da makarantun cocin Katolika bisa yarjejeniya ba za ta rasa yadda za ta yi da waɗannan ba. Ko ƙaramin abu irin tsara rabin rana ta yadda ba zai ci karo da sallar Juma'a ba yana ƙara yawan masu zuwa aji.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da umarnin makaranta ke iya jawowa idan an yanke shi ba a ji ta bakin iyaye ba. A Janairun 1979 Bokassa, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya tilasta wa ɗalibai sayen kayan makaranta masu tsada a lokacin da iyayensu ke bin bashin albashi. Yara suka fito zanga-zanga a ranar 18 ga wata, soja suka buɗe wuta. A watan Afrilu aka kame wasu aka kai kurkukun Ngaragba, inda kimanin ɗari suka mutu. A watan Satumba mulkinsa ya faɗi. Titin Shahidai, inda jami'a take, don tunawa da su aka sa masa suna. Ba mai kwatanta wancan zamani da na yau. Amma duk wani umarni kan tufafi, kuɗin rajista ko kayan aiki ya kamata ya biyo bayan shawara da ƙungiyoyin iyaye, ya kuma fito a rubuce, har da abin da ya shafi ɗankwalin 'yan mata, don kada ya zama kowace makaranta da dokarta.

Batun cibiyoyin jarrabawa bai bukatar dogon bayani ga wanda ya ga ranar 25 ga Yuni 2025. A ranar, ɗalibai fiye da 5,000 daga makarantu daban-daban suna zana bak a Lise Barthélemy Boganda, ma'aikatan kamfanin lantarki na ƙasa kuma suna gyaran tiransifoma a cikin harabar. Da aka maido da wuta sai ta fashe. Ƙara da hayaƙi suka firgita yara, aka yi turmutsutsu a matakala da ƙofofi, wasu suka diro daga bene. Rahotannin farko sun ce mutum 29 ne suka rasu. Aƙalla 20 aka tabbatar, fiye da 200 suka ji rauni. Aka dakatar da jarrabawa, aka yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Tiransifoma ce ta fashe, amma yawan mutanen da aka tara wuri guda shawara ce ta ofis. Ana tara ɗalibai a manyan cibiyoyi kaɗan don sauƙin sa ido da rage kuɗin masu gadin jarrabawa, kuma wannan hujja ce da ake fahimta a ƙasar da satar amsa ke damun ta. Farashinta dai ya bayyana. Ya kamata a ce matasan da suka taso cikin ƙarar bindiga, waɗanda fashewar komai ke sa su gudu kafin su waiwaya, an yi la'akari da halinsu wajen tsara inda za a zaunar da su. Ƙa'idar da ta dace a bayyane take: iyaka ga yawan ɗalibai a kowace cibiya, duba ƙofofi da matakala kafin ranar, hana duk wani gyaran lantarki yayin jarrabawa, da ajiye ma'aikatan lafiya a wurin. Rarraba cibiyoyi gunduma-gunduma zai amfani Kilomita Biyar ta wata fuskar ma. A shekarun ƙawanya akwai ɗaliban da suka rasa jarrabawa don kawai cibiyarsu tana ƙetaren gada. Cibiya a cikin gunduma ta uku, wadda 'yan unguwannin maƙwabta su ma za su shigo su zana a cikinta, tana rage kuɗin babur, tana kwantar da hankalin iyayen 'yan mata. Ƙasar nan ta sa hannu kan sanarwar kare makarantu ta Oslo tun 2015. Kariyar ta haɗa da ranar jarrabawa.

Ilimi mai zurfi ba ya ƙarƙashin ofishin Mai Girma Minista, amma daga hannunsa ɗalibai ke isa can, kuma majalisar ministoci ɗaya ce. An kafa Jami'ar Bangui a 1969 don ɗalibai kaɗan, ta kuma daɗe ita ce jami'ar gwamnati tilo a ƙasa. Ɗakunanta sun cika sun batse, tallafin karatu yana makara, yajin aikin malamai yakan sa shekarar karatu ta shiga cikin wata. Shugaban Ƙasa Faustin-Archange Touadéra malamin lissafi ne a cikinta, ya kuma shugabance ta daga 2005 zuwa 2008, don haka ba baƙon waɗannan matsaloli ba ne. Ga ɗan Kilomita Biyar, tazarar gida da jami'a tafiyar 'yan mintoci ce a babur, amma fayil ɗin shiga, da na tallafin karatu, da na gasar shiga babbar makarantar horon malamai, duk suna neman shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ke komawa kan waccan takardar haihuwa. Wanda aka gyara wa takardarsa a CM1 an sauƙaƙa masa har wannan mataki.

Da yawa daga cikin masu neman ilimi a unguwar waje suke fita: Azhar a Masar, Madina, Jami'ar Sarki Faisal a Njamena, Say a Nijar, da Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartoum, wadda yaƙin Sudan ya toshe hanyarta tun Afrilun 2023. Cikinsu akwai waɗanda suka karanta likitanci, injiniyanci, tattalin arziki da koyarwa, ba shari'a da lugga kaɗai ba. Suna dawowa da digiri a rubuce da Larabci, sai su tarar daidaita shi da na gida aiki ne mai tsawo, a ƙarshe mai digiri ya buɗe shagon sayar da waya. Ƙasar nan mamba ce a majalisar CAMES da ke Wagadugu, wadda aikinta ya haɗa da tantance takardun manyan makarantu. Abin da ya rage shi ne kwamitin daidaita takardu na gida ya kasance yana da lokutan zama sanannu, da mafassaran da hukuma ta rantsar, da jerin jami'o'in da aka amince da su a manne inda kowa zai gani, da wa'adin ba da amsa. Wanda Faransancinsa bai nuna ba a ba shi shekara guda ta ƙarfafa harshe a jami'a kafin ya shiga gasar ɗaukar aiki. Daga cikin waɗannan mutane ne za a samu malaman Larabci da sufetocin da makarantun haɗaka za su bukata, da ma malaman lissafi da kimiyya waɗanda kwalejojin larduna suka rasa.

Allah ya taimaki Minista.

Daga unguwar Kilomita Biyar,
Gunduma ta Uku, Bangui.